Babur Ɗin Enduro Mai Bugu Biyu: Yadda Za Ka Zaɓi Na Ƙananan Kamfanonin Turai, Ka Kuma Riƙe Shi

Duk wanda ya ga zamanin da Suzuki da Jincheng masu tankin 2T suka cika titi a hannun 'yan acaɓa ya san injin da za mu yi magana a kai: ƙara mai kaifi, shuɗin hayaƙi, da filogin da kan jiƙe ya hana babur tashi da sassafe. A Turai dokokin hayaƙi sun daɗe da korar wannan inji daga manyan baburan titi. Amma akwai fagen da har yau ba a ture shi ba, wato enduro, tseren da ake yi cikin daji da duwatsu da rafuka. A gasar Erzbergrodeo, wadda ake yi tun 1995 a dutsen haƙar tama da ke Eisenerz a Ostiriya, mutum 500 ke tashi a zagayen ƙarshe, akwai kuma shekarun da waɗanda suka isa cikin awa huɗun da aka ɗiba ba su kai goma ba. In ka duba abin da na gaba suke hawa, kusan dukansu injin cc 300 ne mai bugu biyu.

Dalilin a fili yake. Injin yana ba da wuta duk lokacin da karanshaf ya juya sau ɗaya, kuma ba shi da bawul da kamshaf da sarƙar da ke juya su, don haka bai da nauyi. Babur ɗin gaba ɗaya, ba mai a tanki, kaɗan ya ɗara kilo 100. Yana ja a hankali a kan dutse ba tare da ya mutu ba, in ya faɗi kuma mutum ɗaya zai ɗaga shi.

Rukunin KTM na Ostiriya, wanda ya haɗa da Husqvarna da GasGas, shi ne babban yaya a wannan kasuwa. A watan Nuwamban 2024 bashi ya kai KTM gaban kotu, a 2025 kuma kamfanin Bajaj na Indiya ya zuba kuɗin da suka ceto shi. Wannan ya sa masu saye suka ƙara waiwayar ƙanana: Beta, Sherco, TM, Rieju da Fantic. Dukansu suna ƙera babur ɗin da ƙarfinsa ya fi abin da yawancinmu za mu iya sarrafawa, saboda haka ƙarfin inji ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne yadda mai ke shiga injin, da inda kayan gyara za su fito, da ko za ka iya hana ƙura shiga.

Mataki na farko: girman inji

Kowa 300 yake so, domin ita zakaru ke hawa. Ba laifi ba ne, amma a san dalili. Injin 300, wanda a gaskiya cc 293 ne ko kusa da haka a yawancin kamfanonin, fa'idarsa a ƙasa take: kana iya barinsa a giya ta biyu ko ta uku, totur a ɗan buɗe, ya riƙa hawa tudu yana gunaguni ba tare da tayar baya ta yi ta karta a banza ba. Wanda ke son hawan duwatsu a hankali, ko mai jiki, wannan ne nasa. Sai dai in hannu ya gaji ya murɗa totur ba da niyya ba, 300 ba ya yafiya.

Na 250 jikinsa ɗaya da na 300, faɗin silinda ne ya bambanta. Ya fi son a murɗa shi, ya fi daɗi a hanya mai ɗan gudu da yashi. Na 125 kuwa makaranta ce: ba ya ja sai ya yi ihu, dole ka koyi kuloci da canjin giya, kuma fistinsa ya fi saurin ƙarewa. Na 200, wanda Beta da Rieju suka fitar, shi ne wanda aka fi raina wa alhali ya fi dacewa da mutane da yawa, musamman marasa nauyi.

Sannan a duba tsayi. Sirdin waɗannan babura yana tsakanin milimita 930 da 960 daga ƙasa. In ƙafarka ba ta kaiwa, kowace tsayawa a gefen tudu faɗuwa ce. Beta Xtrainer, wanda ya fito a 2015, saboda irin wannan aka yi shi: sirdinsa milimita 910, nauyinsa kusan kilo 99, injinsa an kwantar masa da hankali. Ga wanda bai taɓa hawan babur ɗin daji ba, ni shi zan nuna masa kafin komai, ko da abokansa za su ce na koyo ne.

Mataki na biyu: san kamfanonin

Beta shi ne babba a cikin ƙanana. Masana'antarsa tana Rignano sull'Arno, kusa da birnin Fulorens a Italiya, asalinsa kuma ƙera kekuna tun 1905. Yana da jeri biyu: RR X-Pro, wanda ya gaji RR na da tun samfurin 2025, an yi shi don mai hawa na yau da kullum, da RR Race mai shokabzoban kamfanin KYB don masu gasa. Injin Beta an san shi da laushin ja. Turawan Ingila biyu, Steve Holcombe da Brad Freeman, sun ci kambun duniya na EnduroGP a kansa, don haka laushin ba rauni ba ne. Babban abin da ya fi sauran huɗun da shi shi ne yawan diloli.

Sherco na Nîmes ne a kudancin Faransa, Marc Teissier ya kafa shi a 1998, da baburan tsallake duwatsu ya fara kafin ya shigo enduro. Samfuransa SE 125, 250 da 300 ne, waɗanda ake kira Factory suna zuwa da KYB. Ƙyauren da ke bakin fitar hayaƙi daga silinda, wanda ke sauya halin injin tsakanin ƙasa da sama, lantarki ne ke motsa shi a Sherco. A Beta kuwa sifirin ne, kana iya daidaita shi daga waje da hannunka. Wade Young, ɗan Afirka ta Kudu, ya ci gasar Romaniacs ta ƙasar Romaniya a 2018 a kan Sherco.

TM na Pesaro ne a gaɓar tekun Italiya, tun 1977. Ƙaramin gida ne da ke ƙera yawancin kayansa da kansa, firam ɗinsa na alminiyom, injinsa mai zafin rai. Babur ne na wanda ya riga ya iya. Ya fi tsada, kuma in abu ya karye, sai na TM ɗin. Ina sha'awarsa ƙwarai, amma ba zan ba wanda ke nesa da dila shawarar ya saya ba.

Labarin Rieju daban ne. Tsohon kamfani ne a Figueres, yankin Kataloniya a Sifen, an fi saninsa da ƙananan babura. Bayan KTM ya karɓi sunan GasGas a 2019, sai Rieju ya sayi tsarin tsohon GasGas EC a 2020, ya ci gaba da ƙera shi da sunan MR. Ma'ana, zane ne da aka daɗe ana hawa, an san cututtukansa da magungunansu, kayan tsohon GasGas na ƙarshe-ƙarshe da yawa suna shiga, kuma farashinsa yakan zo ƙasa da na sauran. Daga baya ya ƙara da samfuri mai injekta, wato na'urar da ke fesa fetur a madadin kafireto.

Fantic na Italiya ya jingina da Yamaha. XE 125 ɗinsa daga YZ125 aka samo shi. Bayan ya sayi masana'antar injuna ta Motori Minarelli daga hannun Yamaha, ya fitar da XE 300 mai injekta da sitata, a cikin firam ɗin alminiyom irin na Yamaha. Shi ne sabon shiga a ajin 300.

Mataki na uku: kafireto ko injekta, gauraya ko famfo

Nan ne ya kamata ka daɗe kana tunani, don tambayoyi biyu ne da mutane ke haɗawa su mai da su ɗaya.

Ta farko, me ke auna fetur? KTM ya koma injekta tun samfurin 2018. Beta da Sherco sun tsaya kan kafireton Keihin, Rieju MR da aka saba da shi ma haka, TM yana da iri biyun, Fantic XE 300 injekta ce. Injekta tana da kwamfuta da ke auna zafin iska da tsayin wuri ta gyara awon mai da kanta. Ka tashi daga bakin teku ka hau tsauni, ba ruwanka. Tana rage shan mai, ba ta zubar da fetur in babur ya kwanta. Amma ta dogara da famfon mai da ke cikin tanki, da batir mai lafiya, da wayoyi da na'urorin aune-aune. Ɗan datti ko ruwa a fetur yana iya toshe ta, in kuma ta yi gardama, sai na'urar dila ce za ta faɗi abin da ke damunta. Kafireto kuwa sai ka koyi daidaita shi, amma duk abin da ya same shi, sukudireba da ƙaramar sifana sun isa a buɗe shi a gindin bishiya.

Hukuncina: in kana zaune a Italiya ko Faransa, dila na kusa, fetur mai tsabta, zaɓi duk wanda ya yi maka. In babur ɗin zai tsallaka teku ya zo inda babu dila ko ɗaya, kafireto.

Ta biyu, ta ina man 2T ke shiga? Wannan inji ba shi da kaskon baƙin mai a ƙasa. Fistin da boris ɗin karanshaf suna samun maiƙo ne daga man da ke tafiya tare da fetur ya ƙone tare da shi. A Sherco, da Beta RR Race, da Rieju mai kafireto, kai ne za ka gauraya a jarka kafin ka zuba, kamar yadda ake yi wa ƙaramin janareta. A Beta X-Pro na 200 zuwa 300 da Xtrainer akwai ƙaramin tanki daban da famfon lantarki da ke auna man. Famfon yana da daɗi in kana doguwar tafiya kana shan mai a gidan mai. Masu gasa da yawa kuwa sun fi yarda da hannunsu, domin man da ka gauraya da kanka ka tabbata yana ciki. In ka ɗauki mai famfo, ka mai da duba tankin 2T da bututunsa al'ada kafin kowace fita. Kada kuma ka cire famfon ka koma gauraya ba tare da ka bi ƙa'idar da kamfanin ya shimfiɗa ba.

Mataki na huɗu: dila, takardu da kuɗi

Kafin ka tambayi farashin babur, tambayi dila abu uku: fistin da gaskit na wannan samfuri suna kan kanta yanzu? Robobin jiki da lagireto kwana nawa suke ɗauka in an yi oda? Yana da na'urar duba kwamfutar injin? Amsar da ya bayar ta fi duk abin da ke cikin takardar talla. Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne ƙananan kamfanonin ba sa ƙera komai da kansu. Birki na Brembo ne ko Nissin, kafireto na Keihin, shokabzoba na KYB ko Sachs, sarƙa lamba 520, taya inci 21 a gaba da 18 a baya. Waɗannan ana samunsu ko'ina a duniya. Abin da ke ɗaure mutum shi ne na cikin inji, da robobi, da kayan wuta.

A 'yan shekarun nan sabon 300 a Turai yana kaiwa wajen yuro 9,000 zuwa 11,000, Xtrainer yana ƙasa da haka. Kamfanonin kan bayyana samfurin shekara mai zuwa tun tsakiyar wannan shekarar, sannan a baje su a kasuwar EICMA ta Milan a watan Nuwamba. Daga lokacin diloli ke neman rabuwa da na bara, kuma sau da yawa bambancin bai wuce fenti da 'yan gyare-gyare ba. Nan ake samun rangwame.

Akwai wani abu da ke ba sababbin masu saye mamaki. Domin babur ya sami lambar titi a Tarayyar Turai dole ya cika ƙa'idar hayaƙi ta Euro 5, wadda aka ƙara tsaurarawa zuwa Euro 5+. Saboda haka yakan zo a shaƙe: an toshe salansa, an rage buɗewar totur, an ƙuntata mai. A haka ba ya da wani ƙarfi. Dila na iya buɗe shi, amma da zarar an buɗe, bisa doka ya zama na filin gasa kawai, kuma inshora na iya ƙin biya in aka yi haɗari da shi a titi. Ka nemi takardar shaidar ƙa'ida da ake kira COC, ka kuma karɓi duk kayan da aka cire ka adana. Ka tambayi inda aka yarda a hau ma. A Faransa, dokar 3 ga Janairun 1991 ta hana abin hawa mai inji barin hanyoyin da aka buɗe wa jama'a ya shiga daji.

Wanda zai fitar da shi daga Turai, ya nemi a sayar masa ba harajin kaya, wanda ya kai kashi 22 cikin ɗari a Italiya, 21 a Sifen, 20 a Faransa. Sai dai kuɗin jirgi da na kwastam suna jiransa a gaba, garanti kuma kusan sunansa kawai zai rage. A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ce ke da kasuwar enduro ta gaske, da dilolin Beta da Sherco, ga gasar Roof of Africa a Lesoto. A arewacin Najeriya da wasu sassan Nijar kuwa, an sha taƙaita hawan babur a wasu yankuna saboda tsaro, don haka a san dokar wuri kafin a shiga daji da babur mai irin wannan ƙara.

Cikin akwatin da za a aiko babur ɗin, ka sa a haɗa maka fistin da zobensa da gaskit saiti ɗaya, soson tace iska uku ko huɗu, filogi, jet na kafireto (ƙananan sukurori masu ramin da ke auna fetur) masu lamba daban-daban, hannun birki da na kuloci, takalmin birki, boris ɗin taya, da audugar salansa. Odar su daga baya ɗaya-ɗaya ta fi tsada nesa ba kusa ba.

Mataki na biyar: ranar da ya iso, kada ka tayar da shi tukuna

Na san da wuya. Amma sababbin baburan daji, na kowane kamfani, sukan zo da giris kaɗan. Ka ɗora shi kan mazauni, ka cire tayoyi ka shafa wa ƙarfen da ke ratsa su giris mai jure ruwa, haka boris ɗin wuyan babur, haka gaɓoɓin da ke ƙarƙashin shokabzoban baya. Dukan kamfanonin nan biyar suna amfani da waɗannan gaɓoɓi, kuma su ne ke fara cin ruwa da laka. Aikin yini guda ne da zai hana ka sayen boris bayan wata shida.

Ka ciro soson iska ka tabbata an jiƙa shi da mansa, ba a bushe yake ba, kuma bakinsa ya zauna daram. Ka bi notuna da sifana mai awo bisa lambobin da ke littafin babur. Ka duba man giya da ruwan lagireto.

Sai awon zaman shokabzoba, wanda mutane ke tsallakewa su zo suna cewa babur ba ya juyawa. Babur na kan mazauni, tayar baya a sama, ka auna daga tsakiyar tayar zuwa wata alama da ka yi a robar da ke samanta. Ka sauke shi, ka hau da cikakkun kayan hawa, wani ya riƙe, a sake aunawa. Bambancin ya kamata ya zama milimita 100 zuwa 110. Ka sauka, a auna babur shi kaɗai a tsaye: bambanci da awon farko ya zama 30 zuwa 40. In ka daidaita na farko amma na biyu ya fita daga wannan iyaka, sifirin ɗin ba na nauyinka ba ne, sai an canza. Na kamfani an yi shi ne don mai kilo 75 zuwa 85 ko kusa da haka.

Kayan kariya da ba a jinkirta su: farantin ƙarƙashin inji, garkuwar hannu, ƙarfen tsare lagireto, da kariyar tumbin salansa, wanda ke gaba a fili yana jiran dutse. In tumbin ya lotsa sosai ƙarfin inji yana raguwa, don siffarsa ce ke mayar da man da ya tsere cikin silinda. In samfurinka bai zo da fankar lagireto ba, ka sa. A ƙasa mai zafi ba ado ba ce. Kai ma ka sayi hular kwano, takalmin enduro mai tsawo da kariyar gwiwa kafin ka sayi salansar yayi.

Mataki na shida: mai da daidaita kafireto

Man 2T ya zama irin wanda ake kira synthetic zalla, mai shaidar JASO FD. Baƙin man mota ba ya shiga nan ko kusa. Awon da littafin ya faɗa shi za ka bi, yawanci kashi 1 cikin 50 ko cikin 60. Kashi 1 cikin 50 shi ne mililita 20 a kowace lita, wato 100 a lita biyar. A auna da kofi mai lamba, ba da murfin gora ba, a girgiza a jarka. Wasu na ƙara man da yawa wai don kariya. Abin da ba su lura ba shi ne, ramin jet bai ƙaru ba, don haka duk man da ka ƙara ya rage fetur ɗin da ke wucewa. Ka zaɓi awo ɗaya ka tsaya a kai, sannan ka daidaita kafireto a kansa.

Fetur kuma ana son mai lambar oktan 95 ko sama. In ya gaza, za ka ji inji na ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin da yake ja da nauyi, wannan kuwa yana cin kan fistin. Da ka ji, sassauta totur. Inda fetur mai kyau ke wuya, a koma saitin wutar inji mai laushi, wato taswirar wuta, wadda maɓallinta ke jikin babur, a ɗan ƙara fetur a jet, in ya ƙi a nemi kan silinda mai rage matsi. Man 'yan bumburutu, in dole ta sa, a tace shi da ƙyalle mai tsabta.

Kafireto yana da wurare huɗu. Sukurun iska da ƙaramin jet na silo su ke mulki daga totur a rufe zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Allura ke riƙe da tsakiya, daga nan zuwa kashi uku cikin huɗu, kuma a nan ɗan enduro ke yini. Babban jet na buɗewar ƙarshe ne. Abin da ke sauya lissafi shi ne kaurin iska. Iska mai zafi, ko ta kan tudu, ba ta da kauri, don haka fetur ke rinjaye. Babur ɗin da aka daidaita a Turai kan zafi 20 a ma'auni, in ya sami kansa a zafi 40, iskar da yake shaƙa ta ragu da kusan kashi 6 cikin ɗari. A wuri kamar Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ragin da tsayi kaɗai ke yi ya wuce kashi 10. Littafin kowane babur yana da jadawalin da ke nuna jet ɗin da ya dace da zafi da tsayi. Daga nan ake farawa.

Kunne da ido za su ƙarasa. In fetur ya yi yawa, inji na yin ɓaɓatu yana sarƙewa, hayaƙi ya yi kauri, baƙin maiƙo na ɗiga daga salansa, filogi ya yi baƙi ya jiƙe. In fetur ya yi kaɗan, da ka murɗa totur sai ya yi kamar zai shiɗe kafin ya ɗauka, in ka saki kuma ƙarar ta daɗe ba ta sauka ba, filogi ya yi fari. Launin da ake nema ruwan ƙasa ne. Yawan fetur filogi yake ɓatawa, ƙarancinsa kuwa inji yake kashewa, don haka in za ka yi kuskure, yi shi ta ɓangaren yawa. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, mataki ɗaya, inji da zafinsa, sannan a gwada. Kuma in sanyin hunturu ya shigo, wanda ya rage jet a watan Afrilu ya tuna ya mayar.

Mataki na bakwai: awannin farko

Ka tayar da shi ya yi zafi, ka kashe ya huce, sau biyu ko uku. Tankin farko a hau a hankali, ana sauya giya, ba a riƙe totur a wuri ɗaya. Bayan kamar awa uku a zubar da man giya, a ɗaure wayoyin rim, a sake bin notuna. Ka ɗaura masa agogon ƙirga awa in babu, don da awa ake lissafin wannan inji, ba da kilomita ba.

Halaye biyu za ka kiyaye har abada. Kada ka murɗa shi da sanyinsa, domin fistin na riga silinda kumbura. Kuma a doguwar gangara, in kana gauraya mai da hannu, totur a rufe yana nufin maiƙo kaɗan ke shiga, sai ka riƙa kama kuloci kana ɗan murɗawa. Haka doguwar kwalta da totur a buɗe ba wurinsa ba ne.

Mataki na takwas: kulawa

Soson iska shi ne ran injin. A ƙasar Turai mai damshi ana iya fita sau biyu da soso ɗaya. A ƙurar hunturu, kowace fita sabon soso, shi ya sa aka ce ka sayi da yawa. A wanke, a bar shi ya bushe sarai, a jiƙa da man soso a matse ba tare da murɗewa ba, a shafa giris a bakinsa. Kafin ka cire mai datti, share cikin akwatin, kada ƙasa ta faɗa maƙogwaron kafireto.

Man giya bai kai lita ɗaya ba, a canza shi duk awa 15 zuwa 20, ko nan take in ya koma fari, alamar ruwa ya shiga. Ruwan lagireto na gora ake sawa, ba na rijiya ba. In za a ajiye babur fiye da mako biyu, a rufe famfon tanki a zubar da fetur ɗin da ke cikin kafireto.

Fistin ba a jira sai ya buga. Littafin yana ba da awanni kaɗan don da ɗan gasa yake magana. Masu hawa don nishaɗi kan kai injin 300 awa 80 zuwa 100 kafin su canza, 125 kuwa rabin haka ko ƙasa. Aikin ba shi da wuya, makaniken da ya saba da tsofaffin babura masu 2T zai gane komai da ya buɗe. Amma ka gaya masa abu ɗaya tun kafin ya taɓa: silindar nan alminiyom ce da aka yi wa siririn shafe mai tauri a ciki. Ba a kankare ta a faɗaɗa a sa babban fistin yadda ake yi wa ta ƙarfe. In shafen ya karce, sai a aika a sake shi ko a sayi sabuwa. Fistin ma yana da harafi, A ko B ko C, wanda dole ya dace da awon silindar. Yayin da inji ke buɗe, a kankare baƙin da ya taru a ƙyauren hayaƙi, a duba 'yan faifan da ke bakin shigar mai ko gefensu ya tsage.

In silo ya riƙa hawa da kansa duk da kafireto na daidai, iska ce ke shiga ta wani wuri, sau da yawa ta robar karanshaf ta ɓangaren wuta. In hayaƙi ya yi yawa da wani wari daban, man giya kuma na raguwa, robar ɓangaren kuloci ce ta mutu.

Ranar da babur ya nutse a rafi kuwa, kada ka danna sitata, don ruwa ba ya matsuwa, yana iya lanƙwasa sandar fistin. Ka fito da shi, ka rufe mai, ka cire filogi da soso, ka ɗaga gabansa ruwan salansa ya zube. Sannan ku kifa shi tayoyi a sama, a sa giya, a juya tayar baya da hannu har ruwa ya daina fita ta ramin filogi. A mayar da shi kan ƙafarsa, a zubar da abin da ke cikin kafireto, a matse soso, a sa busasshen filogi, a tayar. Zai yi tari da farin hayaƙi na ɗan lokaci, ka bar shi ya yi zafi sosai don damshin da ya rage a boris ya ƙone. Da ka isa gida ka canza man giya a ranar, ka sake canza shi bayan fita ta gaba.